Ɗakin Baba Yohanna

Shekarar da sojoji suka koma bariki, in ka ratsa ta unguwar Romi ka ga wani dattijo siriri yana taka rawa a ƙofar gida, ba ganga ba kalangu, to Baba Yohanna ne. Masu wucewa suna zaton murnar mulkin farar hula ce ta kama shi. Shi kuwa ba ruwansa da wanda ya hau ko wanda ya sauka. Abin da ya hana ƙafarsa zama wuri ɗaya shi ne allon da aka kafa a jikin katangarsa, shuɗi da fari, an rubuta da manyan baƙaƙe: Gidan Burodin Cikar Alkawari. Ɗansa Ernest ne mai shi.

Kuma a faɗi gaskiya, Ernest abin alfahari ne. Tun ranar da ya kunna wuta a obin, wato tanderun gasa burodin, ya tara ma'aikatansa ya ce musu wannan sana'a ta Ubangiji ce, shi ɗan aike ne kawai. Ba ya zuba maganin nan da ke kumbura burodi ya cika ido ya bar ciki wayam. Ba ya rage awon kwaɓi. Burodin da ya ƙone ba ya ɓoye shi a ƙarƙashin leda mai rubutu. Kowace safiya sai an yi waƙa da addu'a kafin a buɗe buhun fulawa, ranar Lahadi kuma ko gwamna ya aiko, obin a kashe yake. Da farko abokan sana'a sun yi masa dariya. Kafin damina ta tsaya, masu shayin Kudenda sun daina karɓar burodin kowa sai nasa, mata masu talla daga Trikania suna layi da farantansu tun gari bai gama wayewa ba.

Ga shi lokacin biki ne. Wannan ya ci kansila, wancan an ba shi muƙami, kowane mako akwai sujadar godiya a wata majami'a, kowa kuma yana son burodi da kek. Gidan ya zama kamar kasuwa. Celina, matar Ernest, da gudu take tafiya ko a tsakar gida, tana dariya tana ba da umarni. Baba Yohanna yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gida da abokinsa Malam Abubakar, wanda suka yi aiki tare a masaƙa a Kakuri, suna dara. Duk wanda ya fito da leda sai Baba ya tsayar da shi.

"Matsa shi ka ji. Ka ji nauyi? Ɗana ba ya sayar da iska."

"Yohanna, tura mana, wasanka ne," in ji Malam Abubakar. "Kai ne ka toya shi?"

"Ni na toya mai toyawar."

Sai su fashe da dariya har Baba ya ɓuge da ɗan tarin da ya kwaso daga ƙurar auduga.

Gidan na Baba ne. Da kuɗin sallamarsa ya gina shi, ɗakinsa kuma shi ne na gaba, mai taga tana kallon titi. Wata yamma Ernest ya shigo ɗakin ya durƙusa.

"Baba, mutane suna shiga mana har tsakar gida. In da za mu fasa tagar nan mu yi ƙofa, nan ya zama kanti. Ka koma ɗakin tsakiya, na ɗan lokaci ne."

"Don wannan ka durƙusa?" Baba ya ɗago shi. "Ɗakina zai zama kanti. Kai, Allah ya nuna mini. Kira masu fasawa."

Da kansa ya kinkimi akwatinsa yana fito. Ranar da aka buɗe kantin ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa mutane daidai inda gadonsa yake a da, inda yanzu aka jera kek a cikin gilashi.

Ɗakin tsakiya bai daɗe a hannunsa ba. Aka ce fulawa za ta yi tsada, Ernest ya sayo tirela guda, sito ya cika ya batse. Celina ta leƙo tana murmushi.

"Baba, buhu kaɗan ne za mu jingina a bangonka. Ka san fulawa ba ta son danshi, ɗakinka ne kaɗai ba ya yoyo."

"Ku kawo su, su taya ni hira."

Buhu kaɗan ya zama bango guda, bango guda ya zama uku. Baba yakan tashi da safe gashin girarsa fari fat, ya fito yana kakkaɓe jiki yana cewa ya kwana baƙi ya tashi Bature. Ma'aikata suna dariya, shi ma yana yi. Sai dai tarin nan da a da yake zuwa ya wuce, yanzu in ya kama shi sai ya dafa bango.

Tarin ne ya sa aka fitar da shi daga cikin fulawar, amma ba don ƙirjinsa ba. Celina ce ta ce wa mijinta bai dace mutum ya riƙa tari a kan abin da jama'a za su ci ba, alhali sun yi wa Allah alkawarin tsabta. Ernest ya ga gaskiyarta. Aka share tsohon kicin da ke bayan gida, wanda bangonsa ɗaya yake da obin, aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka sa gadon.

"Ɗumi ne da shi, Baba," in ji Ernest. "Zai yi wa ƙirjinka kyau. In aiki ya lafa zan gina maka ɗaki a sama, da bayi a ciki."

"A bene? Ni Yohanna a bene?" Baba ya tafa hannu. Ranar duk wanda ya zo gindin mangwaro sai da ya ji labarin benen.

Ɗumin kicin ɗin na wuta ne. Da rana bango ba ya taɓuwa, in an hura itace kuma hayaƙi yakan biyo ta ƙarƙashin kwano ya tsaya a ɗakin. Baba ya fara ramewa. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa yana yi wa kansa tsiya.

Wata safiya tari ya sarƙe shi a gindin mangwaro daidai lokacin da matar wani sabon kansila ta fito daga mota. Ta tsaya, ta dube shi, ta dubi kantin, ta koma mota. Da yamma Celina ta kawo masa tuwo da kanta, har da nama biyu.

"Baba, iskar bakin titi ce take tayar maka da tarin nan. Ga ƙura, ga hayaƙin mota. Ka riƙa hutawa a ciki mana."

"To Abubakar fa?"

"Sai ya riƙa zagayowa ta baya."

Malam Abubakar ya zagayo ta baya sau biyu. Na biyun bai iya gama wasa ba, idonsa yana ta ruwa saboda hayaƙi. Da zai tafi ya tsaya a bakin kanti.

"Ernest, mahaifinka asibiti yake so."

"Wallahi yana raina, Malam. Mu gama odar ciyaman ta ranar Asabar, Litinin da kaina zan kai shi."

Litinin ɗin motar ta tafi kai burodi Sabon Tasha. Ta bayanta injin murza kwaɓi ya lalace. Ta gaba kuma aka gayyaci Ernest ya yi wa ƙungiyar 'yan kasuwa Kirista magana a kan riƙon amana a sana'a. Ya dawo da fara'a, ya shiga kicin, ya ɗora hannu a kan mahaifinsa ya yi addu'a mai tsawo har da hawaye, ya bar masa kwalbar maganin tari daga kemis. Baba ya ce amin da ƙarfi. Shi dai abin da yake son ji shi ne ko an tafa wa ɗansa.

"Sun tashi tsaye, Baba."

"Tsaye? Har manyan?"

"Har manyan."

Baba ya sauko daga gado ya ɗan taka, kafaɗa tana rawa, har numfashi ya gagara ya koma ya zauna.

Zuwa majami'a ma ya tsaya. Celina ta ce tarinsa yana katse wa'azi, kuma Ubangiji yana jin addu'a daga kan gado. A can kuwa, duk ranar da Ernest ya tashi ba da shaida sai ya ce sirrin albarkarsa shi ne bai tura mahaifinsa ƙauye ba kamar yadda wasu suke yi, yana nan tare da shi a gida ɗaya. Mata suna guɗa. Ba ƙarya ya yi ba, suna gida ɗaya.

Da aka sayo babban janareta, aka duba aka duba, ba inda ya dace da shi sai kicin ɗin, don yana da ƙofa mai kwaɗo. A ƙarshen fili akwai rumfar da ake tara itace. Aka matsar da itacen gefe, kafinta ya kewaye rabi da falanki, ya rataya ƙyauren langa-langa.

"Nan ya fi iska, Baba. Kuma an kusa fara benen."

"An ƙara mini girma ke nan," in ji Baba. "Daga mai gadin fulawa zuwa sarkin itace."

Wannan karon shi kaɗai ya yi dariyar. Ma'aikatan da suka ɗauko gadon sun sunkuyar da kai.

A rumfar Hadassah ta same shi. Ita ce ƙanwar Ernest, tela ce a Trikania, ɗaki ɗaya da falo take haya da mijinta da 'ya'ya uku. Ta jima ba ta zo ba saboda ɗinkin anko ya yi mata yawa. Ta tsaya a bakin ƙyauren ta kasa shiga. Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙafar katifa, ga gara tana bin falanki. Ta juya ta nufi kanti.

"Yaya, a rumfar itace ka sa Baba?"

"Rage murya, akwai kwastoma. Na wucin gadi ne."

"Gidan waye wannan?"

"Hadassah, mutum nawa ne suke ci daga wurin nan? Marayu nawa muke kai wa burodi duk wata? Ke kina ganin ni ba na jin zafi? Aikin Allah sai da sadaukarwa, kuma Baba da bakinsa ya yarda. Je ki tambaye shi."

Ta koma ta ce ya tashi su tafi. Baba ya ɓata rai.

"Ke ba ki son ci gaba? An gama obin na biyu, ranar Asabar Fasto Daniel zai zo ya keɓe shi. Zumuntar mata za su zo da tulunansu na kiɗa. In tafi in bar wannan? Ɗinka mini hula dai, wadda za ta shiga da babbar rigata."

Ta ɗinka masa. Tana ɗinki tana share ido.

Asabar ɗin tun da hantsi Baba ya yi wanka, ya fito da farar babbar rigar da ya yi auren Ernest da ita. Ta yi masa yawa yanzu, kamar an rataya ta a jikin ƙusa, amma ya karya hula ya dubi fuskarsa a ruwan bokiti ya ce ba laifi. Yana cikin haka Ernest ya shigo da wani magini, suna magana da sauri.

"Baba, ka yi kyau. Riƙe mana bakin nan."

Ya miƙa masa bakin tef ɗin awo. Baba ya karɓa da murna, ya danna shi a jikin falanki kamar yadda aka nuna masa. Magini ya ja tef ɗin ta kan gado, ta kan akwati, har ƙarshen itace.

"Zai ɗauki mota biyu, Oga," in ji magini. "In an rushe wannan an zuba kankare, shi ke nan."

"Benen ne?" Baba ya tambaya.

"Gareji ne, Baba. Sabuwar motar kai burodi tana hanya, ba za ta kwana a titi ba. Za mu yi magana."

Suka fita. Tef ɗin ya zame daga hannunsa ya bi su yana ƙara. Baba ya dubi katanga. Bayan rumfar ba sauran komai sai ita, bayanta kuma kwata ce.

Can gaba aka fara kiɗa. Ya ji tuluna suna amsawa, ya ji muryar mata ta tashi da waƙar da marigayiya matarsa take ja a zumunta. Ƙafarsa ta motsa da kanta. Ya gyara riga ya nufi lungun da ke kaiwa tsakar gida, ya tura ƙofar. A kulle take ta ciki. Ya ƙwanƙwasa. Muryar Celina ta zo ta ramin makulli, a hankali, da ladabi.

"Baba, ka yi haƙuri, akwai manyan baƙi, har da masu duba tsabta. In an watse zan kawo maka naka, da kaza."

Sai ya ja da baya zuwa filin da ke gaban rumfa, ya ɗaga hannayen riga, ya shiga rawa shi kaɗai. Ya yi gaba, ya yi baya, ya juya, yana amsa waƙar da abin da ya rage masa na murya. Ya yi rawar da ya tanada tun ranar da aka fara ginin obin, har tari ya durƙusar da shi a kan guntun icce.

A gaba, Fasto Daniel ya karɓi almakashi zai yanka kirtani, sai ya dakata.

"Ina Baba Yohanna? Ba za a keɓe aikin ɗa ba tare da albarkar uba ba."

"Yana hutawa, Fasto," in ji Ernest. "Jikin ne sai a hankali."

"To mu je mu same shi a ɗakinsa. Wanne ne?"

Hadassah ta ratsa cikin mata, ta miƙa wa Celina hannu. Celina ta dubi mijinta, ta dubi Fasto, ta kwance makullin daga bakin zaninta.

Haka taron ya bi lungu, Fasto a gaba, dattawan majami'a, 'yan kasuwa da manyan riguna, mata da tulunansu a hannu. Suka wuce sito, suka wuce ɗakin janareta, suka fito fili. Kiɗan ya mutu da kansa.

Baba ya gan su, fuskarsa ta washe. Ya dafa icce ya miƙe.

"Fasto, har nan? Ku shigo, ku shigo. Sai dai ba kujera."

Fasto Daniel ya leƙa rumfar, ya ga katifa, ya ga kwanon tuwon jiya a kan bulo, ya ga sararin sama ta hujin kwano. Ya kama hannun dattijon.

"Baba, albarka muka zo nema."

"Albarka kam akwai ta." Baba ya ɗora hannu a kan Ernest, wanda ya riga ya durƙusa. "Allah ya ƙara buɗi. Obin biyu ya zama goma. Yaron nan bai taɓa cutar mai saye ba, ku shaida." Ya tsaya ya ja numfashi. "Sai dai ina da tambaya, tunda ga manya. An auna nan da safe, mota za ta shigo. Ernest, ni kuma ina za a kai ni? Na duba, katanga ce ta rage."

Ba da faɗa ya yi ta ba. Da gaske yake tambaya, yana murmushi, kamar mai son a gaya masa ya fara haɗa kaya.

"Baba, ai na ce za mu yi magana," in ji Ernest, murya ƙasa-ƙasa. Ya juyo wajen jama'a. "Akwai shirin bene. Zanen ma yana nan. Abubuwa ne suka yi yawa, kuma shi da kansa yake cewa a ɗauka."

"Haka ne," in ji Baba. "Ni nake cewa a ɗauka."

Hadassah ta riga ta shiga rumfar ta naɗe zanin gado, ta ɗora akwatin a ka. Wannan karon da ta ce ya taso, bai yi musu ba. Jama'a suka buɗe musu hanya. A bakin kanti ya ɗan tsaya ya leƙa ta ƙofar gilashi, sannan ya wuce. Malam Abubakar ne ya tsayar musu da tasi.

Fasto ya yanka kirtanin dai, don an riga an taru, amma addu'arsa gajeriya ce. Aka raba kek. Wasu sun ci, wasu sun sa a jaka.

Litinin Hadassah ta kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjin ya tambaya me ya sa sai yanzu. Aka ba shi gado. Ko a nan, in an kawo wa na kusa da shi shayi da burodi, sai Baba ya miƙa hannu ya matsa burodin ya girgiza kai, ya ce a nemi na Romi. Ernest ya zo duba shi da leda cike, ya biya kuɗin magani duka, ya zauna a bakin gado ya buɗe zanen benen yana nuna masa inda taga za ta kasance.

Baba ya kalli takardar ya ce, "To." Bai tambayi yadda kasuwa take ba. Ernest ya jira dariyar da ya saba ji, ba ta zo ba.

Baba bai kai Kirsimeti ba. Ranar jana'iza an rufe gidan burodin, an raba burodi kyauta tun daga Romi har Kudenda, mutane suna cewa ba su taɓa ganin ɗan da ya karrama uba haka ba. Waɗanda suka bi lungun nan ranar keɓewa ba su tanka ba, suka karɓi nasu.

Har yau ba wanda zai ce Ernest ya taɓa tauye masa awo. Mai shayi bai yi kuka da shi ba, ma'aikaci bai yi ba, gidan marayu bai yi ba. Mutum ɗaya ne aka yi ta yanka daga rabonsa ana cika na kowa, shi kuwa ba kwastoma ba ne, ba ya cikin waɗanda Ernest yake lissafawa in yana maganar amana. An gama benen bayan shekara, da tagarsa da bayinsa a ciki kamar yadda aka yi alkawari. Ofishin manaja ne.